Wasiƙa kan maganar asfirin da ciwon dajin Yaya

Abokina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya mai jiki? Allah ya ƙara wa Yaya sauƙi. Na ga tambayarka kan ko za ku fara ba shi asfirin tunda an gama tiyatar hanjin. Amsar a taƙaice: kada ku fara da kanku, amma ku kai maganar gaban likitansa, don tana da tushe.

Asfirin ba ya narkar da ƙarin da ya riga ya fito, kuma ba ya maye gurbin tiyata ko kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji. Aikinsa shi ne hana ƙananan ƙwayoyin jinin da ke daskarar da jini, wato filatilet, mannewa da juna, yana kuma rage kumburi. Masana na ganin ƙwayoyin daji kan fake da filatilet ɗin nan su ɓuya wa garkuwar jiki idan suna yawo cikin jini. To amfaninsa da haɗarinsa duk daga wuri ɗaya suka fito.

Abin da ya shafi Yaya kai tsaye shi ne binciken ALASCCA na ƙasar Suwidin da maƙwabtanta, wanda aka wallafa a 2025. Masu dajin babban hanji da aka yi wa tiyata sun sha miligiram 160 kullum har shekara 3. Dawowar ciwon ta ragu da kusan rabi, amma fa duk waɗanda aka gwada a kansu ƙarinsu na ɗauke da wani sauyi a ƙwayar halitta mai suna PIK3CA ko danginta, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya ne kawai ke da shi. Da aka ba kowa da kowa ba tare da tantancewa ba, a binciken ASCOLT, miligiram 200, ba a ga wani amfani na a zo a gani ba. Saboda haka tambayar farko ga likita ita ce: an gwada naman da aka cire don neman wannan sauyi? Asibitoci kan adana samfurin, ba sai an sake yanka ba.

Tambaya ta biyu, ko ciwon na gado ne, irin wanda ake kira Lynch. Wannan ya shafe ka kai ma. A irin waɗannan iyalai, binciken CAPP2 ya nuna miligiram 600 kullum ya rage kamuwa da dajin hanji da kusan kashi 35 cikin ɗari bayan shekara 10. A dajin mama kuwa an gwada miligiram 300, bai hana komai ba.

Yanzu ga inda nake so ka natsu. Ƙwayar asfirin ɗaya tana raunana filatilet har ƙarshen rayuwarsu, kwana 7 zuwa 10, shi ya sa dole likitan tiyata ko na haƙori ya san ana sha. Idan Yaya yana kan kemo, mai yiwuwa filatilet ɗinsa sun riga sun yi ƙasa, ƙara asfirin a kai na iya jawo zubar jini a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Yana kuma ɓoye zazzaɓi, alhali zafin jiki digiri 38 ga mai shan kemo maganar gaggawa ce. Kada a haɗa shi da magunguna irin su warfarin, ibuprofen, diclofenac ko methotrexate sai da sanin likita. Mai olsa, mai asma, mai ciwon ƙoda da wanda hawan jininsa bai daidaita ba, duk sai an duba su tukuna. Shekaru ma suna da tasiri: binciken ASPREE na 2018, kan tsofaffi sama da 19,000 masu lafiya, ya sami ƙaruwar zubar jini, har mace-macen daji sun ɗan fi yawa cikin masu shan maganin.

Idan likita ya amince, ka nemi a gwada shi ko yana da ƙwayar cutar H. pylori mai jawo olsa a kashe ta, a kuma duba ko zai haɗa da omeprazole don kare tumbi. A sha bayan abinci. Ƙwaya mai rufi ba ta kawar da haɗarin ba, kada sunan ya yaudare ku. Bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, aman jini, jiri da ɗashewar jiki, ko ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, a tsayar da maganin a tafi asibiti nan take.

Ka turo mini hoton sakamakon gwajin naman in ka same shi, mu karanta tare. Ka gaida Yaya da iyali.

Naka abokinka.