Kafin ka ƙara falle a sifirin Hilux ɗin nan

Tudun Wada, Zariya.

Aminina Malam Buba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya sanyin Gembu?

Hotunan ƙarƙashin Hilux ɗin sun iso. Ka ce sifirin baya, jerin fallayen ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, ya sake karyewa, bakanikenka kuma ya ce a ƙara falle biyu. Dakata tukuna, ka sake duban hoton: karayar ta bi ta ramin santabol ne, wato ƙusar da ta ratsa fallayen, daidai tsakiyar falle. Wannan wurin ba ya lanƙwasa in ɗauri ya yi kyau, domin yubol biyun kowane gefe, ƙusoshin nan masu siffar U, sun matse fallayen da kujerar da suke zama a kan aksil sun zama dunƙule guda. Da lodi ne ya karya shi, da tsagar tana can tsakanin tsakiya da ido, wato naɗin da ke ƙarshen falle. Ɗaurinka ne ya saki, kuma ko falle goma aka ƙara, a nan zai sake karyewa.

Aikin santabol jera fallaye ne da nuna wa aksil mazauninsa. Riƙon kuwa na yubol ne. In sun yi sako-sako, duk birkin da ka taka da duk hawan da ka yi aksil sai ya ɗan zame, har ya yanke kan santabol ɗin. Ka leƙa gefen kujerar, za ka ga jar ƙurar tsatsa da wurin da ƙarfe ya goge yana sheƙi. Ka miƙe sitiyari ka sa tef daga tsakiyar tayar gaba zuwa ta baya, dama da hagu. In bambancin ya kai santimita ɗaya, aksil ya riga ya goce, shi ya sa mai bin ka a baya yake ganin motar tana tafiya a karkace.

Yubol huɗu za ka saya sababbi, da notinsu masu tsayi da washa mai tauri. Tsohon ya riga ya miƙe tun ɗaurin farko, zarensa ya kwanta, in ka mayar da shi noti zai yi tauri a sifana alhali matsin bai kai ba. Ka nemi mai ƙarfin 10.9, ko lamba 8 a lissafin Amurka. Yubol ba shi da kai, saboda haka sau da yawa ba ka ganin tambari a jikinsa, amma ga abin da ido zai nuna maka: na kamfani murza zarensa ake yi, sai ka ga wajen zaren ya ɗan fi sauran jikin kauri. Wanda aka yanka da hannu kuwa zaren bai fi jikin ba. Don Allah kada ka yarda mai walda ya gasa rodi ya lanƙwasa maka. Rodin gini ba ƙarfen wannan aiki ba ne, wuta kuma tana kashe taurin ko da ƙarfen kirki ne.

Awo huɗu mai kaya zai buƙata: kauri, faɗin ciki, tsawo, da yanayin lanƙwasa. Fallen Hilux milimita 60 ne faɗinsa, na Land Cruiser 79 kuwa 70, don haka kayansu ba sa shiga na juna. Mai kusurwa yana hawa kan fallaye, mai zagaye yana rungumar aksil. In ka ɗora mai zagaye a inda mai kusurwa ya dace, wuri biyu kawai zai taɓa, ya saki kafin mako.

Tunda hanyarka dutse ce da laka, ga gyaran da na fi so maka. A Hilux mai jan taya huɗu, sifirin yana saman aksil, yubol yana saukowa, faranti da notina suna rataye a ƙasa inda dutse ke dukansu, farantin kuma yana tara laka yana cin jikin aksil da tsatsa. Ana juya su: a sa yubol mai zagaye ya rungumo aksil daga ƙasa, faranti ya koma saman fallaye, notina suna kallon sama. Farantin kada ya gaza milimita 10. Siriri yana lotsawa a ƙarƙashin noti, matsi ya tafi. Abu biyu ake mantawa. Robar da ke tare shasi in mota ta dira dole a sama mata mazauni a kan sabon farantin. Sannan a tsofaffin Hilux gindin shokozoba a jikin farantin ƙasa yake, in an cire shi sai an yi waldar sabon kunne a jikin aksil. Walda a aksil kaɗan-kaɗan ake yi ana bari yana hucewa, kar ya karkace. A jikin falle kuwa ba a walda ko ɗigo.

Bulon ƙarfe da ake cusawa tsakanin sifirin da aksil don mota ta ƙara tsayi, ni dai ban ga amfaninsa ga mai ɗaukar buhuna ba. Yana ƙara wa aksil ƙarfin murɗa sifirin a kan hawa, mota ta riƙa tsalle, joyin ɗin farfela, sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksil, ya ci wuya. In tsayi kake so ka sayi sifirin da aka ƙera da tsayin. In farfela ta soma rawa bayan haka, a gyara kwanar da weji na ƙarfe wanda santabol ya ratsa ta cikinsa, ban da na alminiyam, yana fashewa. Ka kuma duba tiyon birki ko ya ɗame, da sandar nan da ke haɗa aksil da bawul ɗin birkin baya a motocin da ke da shi, domin ɗaga mota yana sa bawul ya ɗauka babu lodi, birkin baya ya ragu.

Ranar aiki, a tokare tayoyin gaba, a ɗora shasi kan ƙafafun ƙarfe, jak yana riƙe da aksil. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Kafin a kwance santabol a matse fallayen da kilam biyu, in ba haka ba za su watse su ji wa yaro ciwo. A kankare tsatsa da busasshiyar laka daga kujera da tsakanin fallaye, domin duk dattin da aka ɗaure da shi zai niƙe ya bar giɓi. In ramin kujera ya yi faɗi, a cike shi a sake hudawa daidai kan sabon santabol.

Ɗauri da sifana mai awo ake yi, ba da bututu a kan sifana ana hawa da ƙafa ba. A bi notina huɗun a gicciye, kashi uku, ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, zaren da ya fito ya zo daidai a duk ƙafafun. Na tsohuwar Hilux wajen 120 Nm ne a awon sifanar. Wanda ya fi na kamfani kauri kuwa a bi adadin da maƙerinsa ya bayar. Notinan shakil, mahaɗin da ke rataye ƙarshen sifirin a shasi, da na idon sifirin kada a ƙarasa su sai mota ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba bushin roba zai zauna a murɗe ya yage da wuri. Na roba ba ya son giris, na leda mai tauri kuwa sai da shi. Bayan tafiyar kilomita 100 da lodi a sake ɗaure yubol, a kuma maimaita wajen 800, saboda sababbin kaya suna zama.

In ba ka samu kayan kirki a nan ba, turo min awon nan huɗu da shekarar motar. Zan duba wajen masu sifaya na Sabon Gari, in babu a nemo a Ƙofar Ruwa a Kano, in ba direba ya kawo maka ta Jalingo. Kafin nan ka rage lodi, kuma a ɗaure notinan da ke kai yau ɗin nan.

Ka gaida mutanen gida da yara. Allah ya tsare hanya.

Naka,
Lawal