Amsa Ga Ƙanena Kan Waƙar The Message

Assalamu alaikum ƙanena,

Na ga tambayar da ka jefo min a Facebook, wai ta yaya zan ce The Message ta Grandmaster Flash and the Furious Five ta fi kowace waƙar rap nauyi alhali a lamba 62 ta tsaya a jerin Billboard Hot 100, wato jerin waƙoƙi ɗari da suka fi tashe a Amurka. Lissafinka daidai ne, ban musa ba. Tunda a gaban jama'a ka tambaya to bari in amsa a gaban jama'a.

Kafin waƙar ta fito a Yulin 1982, rap ɗin da ake bugawa a faifai yawanci na fati ne, mai waƙa na yi wa kansa kirari yana cewa a ɗaga hannu a yi ihu, shi ke nan. Sai wani makaɗin kamfanin Sugar Hill Records mai suna Ed Fletcher, wanda aka fi sani da Duke Bootee, ya rubuta wani abu daban, mai kamfanin Sylvia Robinson ta nace sai an yi, su kuma yaran ƙungiyar suka noƙe don a ganinsu kiɗan ba shi da sauri, maganar kuma duk baƙin ciki ce, wa zai taka rawa da wannan? Melle Mel kaɗai ya shiga ya rera tare da Duke Bootee. Shi kansa Flash da sunansa ke jikin faifan bai sa hannu a kiɗan ba.

Ka san me ke ciki kuwa? Rayuwar talakan Niyok ce ba kwaskwarima. Ɓeraye da kyankyasai a ɗaki, 'yan ƙwaya a lungu, masu bin bashi sun hana mutum sakat, makaranta ta lalace. Baitin ƙarshe shi ne wallahi har yau in na ji sai jikina ya yi sanyi, yaro ne aka haifa a unguwar da ba wanda zai kalla ya yi koyi sai 'yan caca da ɓarayi masu kashe kuɗi, ya bar makaranta, ya shiga fashi, aka ɗaure shi, ƙarshe gawarsa aka tarar a rataye a kurkuku. Ana gama wannan kuma sai ka ji 'yan sanda sun zo sun kwashe mawaƙan suna tsaye kawai a bakin titi ba su yi komai ba.

Kuma lamba 62 ɗin nan ba ita kaɗai ba ce fa. A jerin waƙoƙin R&B na Amurka ta kai ta 4, a Ingila ta kai ta 8, mujallar NME ta ce ita ce waƙar shekara, masu sharhin da jaridar Village Voice ta tara su ma ita suka zaɓa. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa ta cikin rukunin farko na sautukan da ake adanawa don tarihi, na 2002, ita ce rap ta farko da ta shiga. A 2012 mujallar Rolling Stone ta ɗora ta a kan dukkan waƙoƙin hip hop.

Abin da ke min ciwo shi ne waƙar ba ta bar su lafiya ba. A 1983 ƙungiyar ta rabu, Flash ya kai kamfanin kotu. Duke Bootee kuwa ko a bidiyon ba ka ganinsa yana rera baitinsa, Rahiem, ɗaya daga cikin 'yan ƙungiyar, shi ke motsa baki a kan muryarsa. Duke Bootee ya rasu a 2021 mutane da yawa ba su ma san shi ba.

Kai da kake rubuta baitoci, don Allah nemi doguwar, ta minti bakwai, ka sa iyafis ka buɗe rubutun kalmomin a gabanka ka bi ta layi-layi har wurin 'yan sandan, sai ka dawo mu yi magana.

Naka,
Yayanka