Ashe 45 gare ni

Mutumina,

Assalamu alaikum. Na san za ka ce sai yau na tuna da kai, kuma da gaskiyarka. Saƙonka yana nan tun watan jiya, wanda kake tambaya ko na amince da canjin wurin aikin nan. Zan zo kansa wani lokaci. Wata magana ce ta tsaya mini a maƙogwaro, in ba kai ba ban ga wanda zan amayar wa ba.

Ka san shekararmu bakwai da aure, ka san ɓari uku da matata ta yi. Duk tsawon lokacin nan ita ake kaiwa asibiti, ita ake ɗura wa magani, ni kuwa direba ne, in sauke ta in zauna a mota ina latsa waya. Sai muka faɗa hannun wata likita da ta ce ba za ta ƙara rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba sai an gwada mijin. Na ji haushi, ba zan ɓoye maka ba. Aka gwada maniyyi, ƙwayoyin suka fito miliyan 4 a mililita ɗaya, alhali ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021 daga miliyan 16 ya fara. Na ce ai zazzaɓin da na yi kwanaki ne. Ta ce ba laifi, ƙwayar maniyyi takan ɗauki wajen kwana 74 kafin ta kammala, mu dawo bayan wata uku. Muka dawo, jiya i yau. Daga nan aka ɗebi jinina don a ƙirga kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gadon halitta a ƙwayar jiki.

Kai da ka shekara biyu kana kwafar bayoloji daga littafina, zauna in sake koya maka, wannan karon ma kyauta. Ƙwayar jikin mutum tana ɗauke da kuromosom 46, biyu-biyu, kowane biyu da lambarsu, rabi daga uwa rabi daga uba. A cikin maraina, ƙwayar da za ta zama maniyyi takan rabu sau biyu har adadin ya sauko 23. Kafin rabuwar farko kowanne sai ya nemo abokin tafiyarsa sun jeru kafaɗa da kafaɗa, sannan a ja ɗaya nan, ɗaya can. To ni nawa 45 ne. Ba ɓacewa wani ya yi ba, na 13 da na 14 ne suka manne suka koma ɗaya, kuma haka aka haife ni. Shi ya sa lafiyata lau, muhimman kayan duk suna nan, ɗaurin ne ya bambanta. Matsalar sai wurin jeruwa: maimakon biyu, uku ne ke neman su daidaita, mannen nan da lafiyayyen 13 da lafiyayyen 14. In rabon ya yi kyau, shi ke nan. In ya karkace, ƙwayar ta fito da ƙarin 13, ko ta fito babu 14 sam. Irin wannan in ta haɗu da ƙwai ciki yakan shiga, amma da wuya ya zauna. Jiki kuma yana da masu gadi, ƙwayar da ta kasa jera nata daidai sau da yawa tun a hanya ake kashe ta, ƙarancin ke nan.

Ka san a ina aka fara ganin wannan mannewar? A jikin fara! Wani Ba'amurke mai suna Robertson, a 1916, sunansa ma abin yake ɗauke da shi har yau. In ka kira ni fara zan sani daga bakin wa ta fita. Kusan mutum 1 cikin 1000 yana da irinta, kuma ta 13 da 14 ta fi yawa.

Af, mai sanƙon nan namu an ƙara masa girma, yanzu sai ka kira sau uku kafin ya ɗaga. Ya tambaye ni kai, na ce kana can ka yi tumbi. Hoton da ka sa ne ya tona maka asiri.

Daren da sakamakon ya fito na kasa kallon idon matata. Shekara bakwai Gwaggo tana yada mata magana a gabana ina shiru, don a zuciyata ni ma na ɗauka daga gare ta ne. Da na gama bayani ba ta yi kuka ba, cewa ta yi, "Ashe ba ni na kasa riƙe su ba." Wallahi gara ta zage ni.

Yaya kuwa da ya ji ƙishin-ƙishin sai ga shi da maganin ƙarfin maza. Na rasa yadda zan fahimtar da shi cewa ƙarfi daban, haihuwa daban. Likitar ma ta ja mini kunne kan allurar testosteron, ta ce dakatar da yin maniyyin take yi.

Ba a yanke ƙauna ba fa. Ta ce a masu irin tawa mafi yawan ƙwayoyin da suka tsira rabonsu daidai ne, ciki na iya zama da kansa. In kuma mun gaji da jira, akwai hanyar da aka soma a Beljiyam a 1992, a ɗauki ƙwayar maniyyi guda a cusa ta cikin ƙwai da allura, kuma yanzu ana iya duba kuromosom ɗin ɗan tayin kafin a mayar da shi mahaifa. Muna shawara, Allah ya zaɓa mana mafi alheri.

Abin da ke hana ni barci yanzu shi ne autanmu. Galibi gadon abin ake yi daga uwa ko uba, don haka shi ma yana iya ɗauke da shi, ga bikinsa saura wata huɗu. Kai ya fi jin maganarka tun yana yaro. In faɗa masa yanzu ko in bari a gama? Kira ni ranar Asabar da dare, kuma kada madam ɗinka ta ji tukuna, ka san ta da Gwaggo.

Naka,
ɗalibin da ya fi ka maki