Godiya ga ma'aikatan cibiyar nukiliya ta Zariya, daga malaman kimiyya na Maraɗi

Zuwa ga Shugaban Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikatanka, na rubuto wannan takarda ne a madadin ƴan uwana malaman kimiyya na makarantun lise, wato manyan sakandare, na Maraɗi da muka kawo muku ziyara. Da farko na so in ba direba ita ya ajiye a teburinka, sai abokan tafiyata suka ce a'a, a sa ta inda kowa zai karanta. Mun saba fitowa fili da ƙorafi, don haka yau da abin yabo ya samu bai kamata mu yi shi a ɓoye ba.

Sai ka san inda muka fito kafin ka gane dalilin wannan zumuɗi namu. Kowace shekara muna tsayawa gaban allo da alli muna zana wa ɗalibai yadda ƙwayar zarra ke tsagewa ta saki zafi, kuma kowace shekara sai an samu yaro mai kaifin baki ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kai ka taɓa gani?" Ba mu da amsa. Ga shi kuwa ƙasarmu ce ƙasar yuraniyom, ma'adinin da ake yin man nukiliya da shi. Tun 1971 ake haƙo shi a Arlit, ramin Akuta ya yi aiki daga 1978 har aka rufe shi a 2021, manyan motoci sun yi shekara da shekaru suna ɗaukar garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Faransa na samun kusan kashi biyu cikin uku na lantarkinta daga nukiliya, mu kuwa a Maraɗi kuran ɗinmu, wato lantarki, ta Katsina yake zuwa, kuma wanda ya ga watannin da suka biyo bayan Agustan 2023, lokacin da aka yanke layin, ya san abin da ake kira duhu. A cikin wannan hali malamin kimiyya zai yi ritaya bai taɓa sa ido a kan abin da yake koyarwa ba.

Ba zama muka yi ba. Mun rubuta wa wasu ma'aikatu takardun neman izinin kai ziyara, ba ma na nukiliya ba, wuraren da injuna kawai ke aiki. Ba zan ambaci suna ba, sun san kansu. Wani wurin aka ce maigidan ya tafi mishon, wato tafiyar aiki, mu dawo mako mai zuwa. Da muka dawo aka ce takardar ba ta da tambari. Muka sayo tambari muka liƙa, sai aka ce ai wanda ya karɓe ta an yi masa canjin wurin aiki, mu sake rubuta wata. Akwai ofishin da wani dattijo a cikinmu, wanda ya koyar da rabin ma'aikatan garin nan, ya wuni a kan benci ba wanda ya ce masa ko sannu, yarinyar da ke teburin tana ta latsa wayarta. Da yamma ta ɗago kai ta ce an tashi.

Da wannan zuciya muka rubuto muku, ba mu sa rai ba. Sai ga amsa. An nemi sunayenmu da hoton katin ɗan ƙasa na kowa, an faɗa mana rana da lokaci, an gaya mana abin da ba a shiga da shi. Muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya, muka ratsa Katsina da Funtuwa, muka kwana Zariya. A bakin ƙofa an duba takardunmu ɗaya bayan ɗaya, an ajiye wayoyinmu, an rubuta sunayenmu, ba wanda ya ɗaga mana murya, ba wanda ya nemi na goro.

Wanda ya sa na ɗauki alƙalami shi ne malamin da kuka haɗa mu da shi ya zagaya da mu. Ya fara bayani da Ingilishi, ya dubi fuskokinmu ya ga ba ma tare da shi, mu da muka yi karatu da Faransanci. Sai ya yi murmushi ya koma Hausa, ya ce ai gida ɗaya ne. Abu na farko da ya faɗa mana shi ne kada mu yi tsammanin za mu ga tashar samar da lantarki. Tukunyar nukiliyar da ke nan, wadda ake kira NIRR-1, ta bincike ce da koyarwa. Ƙirar ƙasar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kilowat 30 ne da ɗan ɗoriya, wato zafin da dutsen guga na lantarki kamar talatin za su bayar in an kunna su tare. Tashar nukiliya mai ba da wuta, in ji shi, ɗaya ce tak ke aiki a duk Afirka, ita ce Koeberg kusa da birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, mai tukwane biyu da ke ba da sama da megawat 1,800 tun shekarun 1980. Masar kuma na gina tata a El Dabaa tare da kamfanin Rosatom na Rasha. Wani da ya zuzuta kayansa don ya burge baƙi. Shi gaskiya ya fara da ita, shi ya sa muka yarda da duk abin da ya biyo baya.

Ya tsayar da mu a gefen tafkin ruwan da tukunyar ke ƙarƙashinsa, ya bi da mu daki-daki. Ruwan yana sanyaya ta, yana rage gudun nitiron, wato ƴan ɓarɓashin da ƙwayar zarra ke saki in ta tsage, don su iya tsaga wasu ƙwayoyin, kuma shi ne garkuwar da ke tsakaninmu da tururin nukiliya. Sanda ɗaya ce ta ƙarfen kadmiyom a tsakiya: a ɗaga ta aiki ya tashi, a sauke ta ta shanye nitiron komai ya lafa. Ya ce tashar lantarki ma haka take, bambancin kawai can zafin yana tafasa ruwa, tururi ya juya injin, injin ya ba da wuta. Mun san wannan a littafi, amma jin sa da harshen da aka yi mana goyo da shi, ga abin a gabanka, daban ne.

Dattijon nan namu ya daɗe yana shiru, sai ya yi tambayar da ke ran kowa, ko za a iya yin bam da abin nan. Na ɗauka za a yi masa dariya ko a ce tambayar ta saɓa doka. Malamin ya matso kusa da shi ya ce, "Baba, tambayarka ita ce mafi muhimmanci." Ya bayyana cewa yuraniyom da ake haƙowa a ƙasa, irin na Arlit, kashi 0.7 cikin ɗari ne kawai nasa ke iya tsagewa. Tashoshin lantarki suna tace shi zuwa kashi 3 ko 5, makami kuwa sai wajen kashi 90. Bai ɓoye mana ba cewa man da tukunyar ta fara aiki da shi mai kashi 90 ne, kimanin kilo ɗaya, kuma saboda wannan fargabar aka cire shi a 2018 aka mayar da shi ƙasar Sin, aka sa mai kashi 13 da ba ya yin makami, tare da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana. Gana ta yi irin wannan canjin shekara ɗaya kafin nan. Baba ya gyaɗa kai ya ce yanzu hankalinsa ya kwanta.

Mun kuma ga bututun da ake hura ɗan kwalin roba da iska ya kai samfur cikin tukunyar ya dawo. Ƙasar gona, taki, dutse, hatsi, duk ana sa su, nitiron ya taɓa su, na'ura ta karanta irin hasken da kowane sinadari ke fitarwa, a san me ke ciki da yawansa. Wata malama a cikinmu ta tambaya ko za a iya gane zinariya a irin ƙasar Ɗan Isa, inda aka yi rububin haƙa a 2021. Ya ce zinariya na cikin abubuwan da wannan hanya ta fi saurin ganowa. Lokacin da aka ɗibar mana ya wuce, bai dubi agogo ba, har ya jira muka yi azahar ya dawo ya ƙarasa amsa tambayoyi.

A mota muna dawowa hirar da muka yi ke nan. Ga wurin da yake da dalili na gaske na hana mutane shiga, ya karɓe mu da mutunci. Ga kuma ofisoshin da babu komai a cikinsu sai kabad da fanka, amma ganin shugabansu sai mai uwa a gindin murhu. Ka je neman takardar haihuwar ɗanka a mai da kai kamar mai bara. Ka je biyan kuɗi da hannunka a bar ka a rana. Ka tambayi dalilin wani abu a ce haka aka saba. Ba a Nijar kaɗai ba, ƴan uwanmu na Katsina da muka kwana wurinsu sun ce nasu ma sai dai a yi shiru. Kuma mu malamai abin ya fi yi mana ciwo, don yawancin waɗanda ke bayan teburan nan ta hannunmu suka wuce.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka isar da godiyarmu ga malamin nan, da masu gadin ƙofa, da wanda ya amsa takardarmu tun farko. Muna kuma da buƙata guda: in dokar wurin ta yarda, muna so baɗi mu zo da ɗalibanmu na ajin ƙarshe, ko da kaɗan ne, maza da mata. Za mu aiko da sunayensu da takardunsu tun da wuri yadda kuka tsara. Allah ya ƙara ɗaukaka, ya kiyaye ku a bakin aikinku.

Naka,
Wani malamin kimiyya, a madadin abokan tafiyarsa,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.