Wasiƙa daga bakin rijiyar ƙanƙara

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ka yi haƙuri da shiruna, aiki ne ya sha mini kai.

Ka tambaye ni me muke yi har wata biyu ko shebur ɗaya ba mu ɗebo ba. Jira muke, wallahi. Rijiyar da za a zura injin haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa ta cikinta sai ta ratsa yashi mai cike da ruwa. Ka taɓa shi a haka, bango ya rufto, ruwa ya biyo baya. Shi ne aka ce a daskarar da ƙasar tukuna.

Mun kewaye wurin da bututun ƙarfe, tazarar kusan mita ɗaya tsakaninsu. Inji yana tura ruwan gishirin kalsiyam mai sanyin digiri 30 ƙasa da sifili, ya sauka ya dawo, dare da rana. Ƙanƙara na taruwa jikin kowane bututu, tana kauri har ta kama ta maƙwabcinsa. Dabarar ma tsohuwa ce. Wani injiniyan Jamus, Poetsch, ya yi mata rajista tun 1883 saboda rijiyoyin ma'adinai.

Abin da ya hana ni barci shi ne bututu ɗaya da ya karkace can ƙasa lokacin huda. Ya yi nisa da ɗan'uwansa, ruwan ƙasa mai gudu kuma ya sami kafa yana wucewa da ɗuminsa. Ma'aunin zafi ya ƙi sauka a wurin. Sai da muka ƙara bututu, muka ɗura ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tsadarsa kar ka tambaya.

Ka san yadda muke gane zoben ƙanƙarar ya haɗe? Akwai bututun dubawa a tsakiya. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya matse na cikin zoben, shi kuma ya rasa hanyar fita sai sama. Shekaranjiya da asuba na haska tocila, na ga ruwa yana tsiyaya daga bakin bututun. Na daɗe a tsaye ina kallonsa, hannuna na karkarwa don sanyi.

Mako mai zuwa za mu fara haƙa, in sha Allahu. Injin sanyin kuwa ba zai huta ba sai an gama zuba kankare a bangon.

Ka gaishe mini da yara.

Naka har kullum.