Autanku ya hau dandali

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Wai sakwarar Kumasi ce ta yi maka nauyi a hannu har ka kasa rubutu? Da ma maganar hayar shagon nan nake so in tambaye ka, amma bari in fara sauke abin da ke cina tun daren Asabar.

Autanku yana kaɗa jita. Ba a ƙuryar ɗaki ba, a gaban jama'a, da lasifika da komai.

A wani fili aka yi wasan, cikin tsohon garin Agadas, inda in ka ɗaga kai kana hangen hasumiyar babban masallaci. Ba nisa da inda Bombino, shahararren makaɗin jitar nan, ya yi wasansa a 2010 bayan tawayen Abzinawa ya lafa, daren da ka koma gida da takalmi wari guda. Mata suka buɗe da tende, kiɗan turmi na Abzinawa, ana tafi ana guɗa, mai kiɗan tana yayyafa wa fatar turmin ruwa. Daga nan wani dattijo ya zauna a tabarma da molonsa. Wallahi ya yi kiɗi mai ratsa jiki, amma samari duk sun duƙufa kan wayoyinsu, mai shayi ma ya fi shi samun jama'a. Sai da aka tada janareto aka jona jitoci wuri ya rikice.

Can baya na hango wani siriri ya naɗe fuska da rawani, idanu kawai ake gani. Da ya matso gaba sai na ga da hagu yake kaɗawa, ga tabon ƙunar nan a bayan hannunsa. Hagun da Baba ya sha dukansa a kai wajen cin tuwo! Kuma kada ka ce son kai ne, yaron ya iya. Ba ya gaggawa. Sai ya kama jimla ɗaya ya yi ta juya ta har mutane su fara lilo, sannan ya sake ta. An yi masa liƙi har a rawani. Sun ce wai da Mdou Moctar, fitaccen makaɗin jitar nan, yake koyi, shi ma ai bahago ne, kuma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Wani baƙo daga Yamai da ke kusa da ni ya dage wai wannan kiɗan bulus ne na baƙaƙen Amurka, mu muka aro. Na ce masa ya saurari ƙasan kiɗan, bugun tenden ɗazu ne, yatsun kuma sawun molon dattijon nan suke bi. Marigayi Ali Farka Touré, makaɗin jitar nan na Niafunke a Mali, har ya rasu a 2006 yana cewa tushen abin yana wannan yanki. Bai yarda ba, amma shi ya biya kuɗin shayin, saboda haka na ƙyale shi. Abin da ya ɓata mini rai, dattijon da abin da bai kai jika biyu ba ya tashi.

Af, Hajiyar bayan gidanmu ta aurar da 'yarta ga direban nan na hanyar Tawa, wanda kullum yake rantsuwa ya bar hanyar saboda ramuka. Bai bari ba. Ɗan limamin ku kuma ya tafi haƙar zinariya Jado, tun azumi ba labari.

To, Baba bai sani ba. Ka san gidanku, jikan malamai a ce ya zama makaɗi. Kuma tsofaffi ba su manta 2007 ba, shekarar da tawayen ya tashi, lokacin da ganin mutum da jita ma ya isa ya jawo masa tuhuma. Ni damuwata ta fi karkata ga abinci. Kowane yaro yana ambaton Tinariwen, ƙungiyar makaɗan Abzinawan Mali, da kyautar Grammy da suka ci a 2012, amma masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, yawancin makaɗan nan bikin aure ne kaɗai ke riƙe da su. Na same shi washegari na ce ya ci gaba, amma in ya saki keken ɗinkinsa ni da kaina zan kai ƙararsa. Ya yi dariya ya ce in roƙe ka tsirkiyar jita, ta nan tsada kuma ba ta daɗewa.

Ka aiko da ita ta hannun masu goro. Kada ka kuskura ka faɗa wa Baba a waya, ka bari in fara ganin Kawu ranar Juma'a, shi kaɗai yake jin maganarsa. Ka gaida mutanen Zango, ka kuma rage tumbin nan kafin Sallah.

Naka har kullum.