Ƙawata, Baba ya fara samun sauƙi

Salamu alaikum ƙawata,

Shiru kamar an aiki bawa garinsu, ko angon ne ya ƙwace wayar? Mu dai wata biyun nan a asibiti muka yi su.

Kin san sau 3 a sati ake yi wa Baba wankin ƙoda ta robar nan da aka sa mishi a jijiyar wuya. Wata Talata ana cikin wankin kawai sai ya kama rawar ɗari, haƙora na haɗuwa har gadon na jijjiga, jiki zafi rau, wallahi na tsorata. Gwajin jini ya nuna wata ƙwayar cuta ce, Staphylococcus aureus, wadda dama a fatar mutum da cikin hanci take zama, ta bi robar ta shige jini. Manne wa cikin robar suke su yi wani yauƙi da magani ba ya ratsawa sosai, dole aka cire ta aka sa sabuwa.

Yanzu in an gama wanki, maimakon heparin kaɗai da ake zubawa don kar jini ya daskare, sai nas ɗin ta cika bakin robar biyu da gentamicin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) haɗe da citrate (shi ma mai hana jini daskarewa ne), daidai adadin da ke rubuce a jikin robar, ta matse ta rufe, maganin ya zauna ciki har zuwa wanki na gaba. Kafin a jona inji sai ta zuƙe shi da sirinji ta zubar, ba a tura shi cikin jiki. Kullum ina tsaye a kanta ina kallo, tun daga wanke hannu har goge murfin. Tun lokacin ko zazzaɓi bai sake yi ba, Alhamdulillah.

Af, Yaya ta sauka, namiji, hancin ubanshi sak.

Amma hankalina bai gama kwanciya ba. Gentamicin in yana zurarewa cikin jini yana iya taɓa ji, shi ya sa in na yi wa Baba magana ya ce "na'am?" sai gabana ya faɗi. Ga kuma tsoron ƙwayoyin su saba da maganin ya daina cin su. Likita ya ce mafita a yi mishi fistula a hannu, a haɗa jijiya biyu a jira wasu makonni ta nuna, a rabu da robar baki ɗaya, shi kuma da ya ji kalmar tiyata sai ya kau da kai.

Don Allah ki kira shi, maganarki yake ji ya fi tamu. Ki gaida Umma.

Taki har kullum.